Abin da aka tsayar kan Twilight Imperium, 'yan Jidda

Jama'a surutun da muka yi kan yadda za mu riƙa buga Twilight Imperium, wasan allo na yaƙi da siyasa a sararin samaniya, ya yi tsawo, ga abin da na tsinto don wanda bai bi ba.

1. Kowa ya yarda maki 10 ake nema, ba yawan jiragen yaƙi ba. Sabon shiga sai ya tara jirage ya manta katin buri mai ba da maki, wani can gefe ya cinye shiru.

2. Dokar da aka fi mantawa: in ka sa alamar umarninka (wadda ake ajiyewa don tura jirage) a wani yanki na taswira, jiragenka da ke ciki ba su fita sai an ɗauke ta, don haka a yi lissafi kafin a ajiye, ba ta komawa hannu.

3. Mecatol Rex, duniyar tsakiya: wanda ya fara sauka zai biya tasiri 6 (ƙimar siyasa da duniyoyinka ke bayarwa) ya samu maki 1, daga nan zaman majalisa, inda 'yan wasa ke jefa ƙuri'a kan dokoki, ke farawa. Wasu sun ce a yi rububinta, wasu sun ce mai zama can shi kowa ke duka. Ni dai ina bayan na biyun.

4. Ƙarin kayan wasan mai suna Prophecy of Kings na 2020 nan aka fi rabuwa. Ya ƙara ƙabilu 7 kan 17 na asali, mutum 8 na iya zama. Tsofaffin hannu sun ce ba sa komawa babu shi, saura sun ce a bari sabbi su iya na asalin tukuna, dokokin ma sun ishe su.

5. Lokaci: daren Alhamis bayan isha'i a istiraha (gidan hutu na haya), tunda Juma'a ba aiki. Mai masauki ya shimfiɗa taswira tun kafin a iso, in ba haka ba asuba za ta same mu a kai.