Bugun zuciya a cikin takaba: mu kai Inna asibiti ko mu jira?

Maman Hafsat, Argungu: Assalamu alaikum. Yau kwana 23 da rasuwar mahaifinmu, kuma tun bayan sadakar bakwai Innarmu take fama da bugun zuciya, musamman bayan isha'i idan gida ya yi tsit. Jiya ta ɗora hannuna a ƙirjinta, na ƙirga da agogon waya, na samu bugu 118 a minti ɗaya alhali tana zaune a kan tabarma. Dama tana da hawan jini. Ƙannen Baba sun ce mai takaba ba ta fita sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Mu kai ta Birnin Kebbi ne ko mu jira?

Baban Usman, Jega: Allah ya jiƙan Baba. A ba ta zuma da habbatussauda, a yi mata tofi, haƙuri ne maganinsa.

Hajiya Babba, Yauri: 'Yata, kada ki saurari masu cewa a jira. Yayata haka ta yi bayan rasuwar ɗanta, tana cewa gabanta na faɗuwa, mu kuma muna ce mata ta yi tawakkali. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu muka kai ta wani asibiti, aka bar mu a kan benci tun hantsi har la'asar saboda mai na'urar gwaji ba ya nan. Ba ta kwana ba. Har yau ba na iya kallon butarta.

Anti Nas, Birnin Kebbi: Allah ya gafarta mata, Hajiya. Bugun zuciyar babban mutum idan yana hutawa tsakanin 60 da 100 ne a minti ɗaya. Baƙin ciki da rashin barci suna ɗaga shi, haka goro da shayi, amma ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna yi, shi ya sa ake gwajin ECG, wato na'urar duba bugun zuciya, da na jini. Akwai ma ciwon da firgici ke raunana tsokar zuciya, wanda likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, kuma ya fi kama mata masu shekaru. In akwai ciwon ƙirji, haki ko suma, a tafi a daren.

Malam na Islamiyya, Bunza: Malamai sun halatta wa mai takaba fita saboda larura irin ta jinya. A faɗa wa baffanninku haka cikin ladabi.

Baban Usman: Ni na biya naira 15,000 kuɗin wannan gwajin. Kuma Anti, nas ba likita ba ce.

Maman Hafsat: Baban Usman, maƙwabciyarmu ta ce 5,000 ta biya.

Ɗan Kamba: Ni da jin kuɗin nan ma tawa zuciyar ta fara bugawa.

Hajiya Babba: Yaro, ba wurin wasa ba ne nan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, dangin da ke hana mace fita su ne suke zaune a gidan makoki ana dafa musu shinkafa buhu guda, amma ba mai kawo ko kuɗin mota. Kafin arba'in kuma sun fara tambayar takardun gona.

Maman Hafsat: Wallahi Hajiya, jiya aka tambayi Inna makullin rumbu.