Wane inji mai sauƙin kuɗi zan ɗora wa jirgin da nake haɗawa?

Maƙerin Kakuri:

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu, samfurin Zenith CH 701, a rumfar walda da ke bayan gidana a Kaduna, kuma yanzu gangar jiki da fukafukai sun kusa kammala. Inji ne ya tsaya mini a rai. Na tambayi farashin sabon Rotax 912 mai ƙarfin doki 100, aka ce ya haura dala 20,000, kafin a zo maganar kuɗin jigila da na kwastan. Ina da injin Volkswagen Bitil a ajiye, wanda iska ke sanyaya shi, na kuma ji cewa a Amurka ana gyara irinsa a tashi da shi. Shin zai ɗauki wannan jirgi, ko akwai wani zaɓi da bai kai Rotax tsada ba?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ida nufi. Gaskiya ne ana tashi da injin Volkswagen, amma ba irin wanda ke ajiye a rumfarka ba. Na mota mai cc 1,600 bai wuce doki 50 ba, alhali wanda aka gyara domin jirgi, da ake kira AeroVee, an faɗaɗa shi zuwa cc 2,180, an sauya masa karanshaf, an ba kowace silinda fulogi biyu, sannan ya ba da doki 80. Idan ka lissafa abin da za ka sauya, kusan babu abin da zai rage na tsohon injinka.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. A injin Volkswagen farfela a jikin karanshaf take kai tsaye, kuma injin ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ya kai juyi 3,400 a minti, don haka dole a sa masa gajeriyar farfela. Gajeriyar farfela ta dace da siririn jirgi mai gudu irin Sonex, amma CH 701 jirgi ne da aka ƙera domin ya tashi a ɗan gajeren fili ya hau sama a hankali, sai da doguwar farfela mai kwasar iska da yawa. Rotax yana da giyabos da ke rage juyi 5,800 zuwa kimanin 2,500, shi ya sa ko Rotax mai doki 80 ya fi na Volkswagen ja a lokacin tashi. Ga kuma zafi: hawa a hankali yana nufin iska kaɗan ce ke bugun kan silinda, kuma daga nan bawul yake fara ƙonewa.

Na Bakin Hanga:

Ina tare da Baba Bakanike, sai dai ina so in ƙara lissafin da mutanenmu kan manta. Ƙarfin da aka rubuta a takarda na wurin da tsayinsa ke daidai da bakin teku ne, a yanayi mai sanyi. A ranar da zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, filin da ke tudun Kano ko Kaduna yana zame wa inji kamar yana kan tsaunin mita 1,500 ko fiye, inda iska ba ta da kauri, kuma a nan kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa ya tafi. Doki 80 sun koma 68 ke nan, ga mutum biyu, ga tanki cike.

Shawarata ita ce ka nemi Rotax 912 UL na hannu, mai doki 80. Ya fi mai doki 100 araha, kuma fetur mai lambar oktan 90 ya ishe shi, alhali ɗayan 95 yake nema, wanda ba kowane gidan mai za ka amince yana da shi ba. Man jirgi na musamman kuwa wahalar samu gare shi a ƙasar nan, kuma ko jiragen Air Beetle da aka haɗa wa sojan sama a nan Kaduna an tsara su ne su sha fetur ɗin mota. A Kpong ta ƙasar Gana an haɗa irin jirginka da wannan inji na Rotax, aka yi ta aiki da shi cikin zafi da ƙura.

Amma kada ka biya ko sisi sai ka ga littafin tarihin aikin injin. Wa'adinsa kafin garambawul awa 2,000 ne ko shekara 15 a sababbin fitowa, kuma duk shekara 5 ana sauya robobi da tiyo. Na taɓa zuwa duba wani da aka ce awa 400 kacal ya yi, fenti yana ƙyalli, amma da muka kwance toshiyar maganaɗisu ta giyabos sai muka tarar da ita cike da garin ƙarfe kamar an tsoma ta a toka. Da aka matsa wa mai shi, sai ya ce farfela ta taɓa dukan ƙasa. Ban ko taya ba.

Maƙerin Kakuri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wani ya yi mini tayin injin Continental O-200 da aka cire daga jirgin Cessna 150, kuma kuɗinsa bai kai na Rotax ba. Yaya kuke gani?

Tsohon Bakanike:

Inji ne mai amana, doki 100 a juyi 2,750, kuma kowane makanikin jirgi ya san cikinsa. Nauyi ne aibinsa a wurinka, domin da kayan haɗinsa zai fi Rotax da abin da ya haura kilo 20, duk a hancin jirgin da iyakar nauyinsa kilo 500 ne kawai. Ka aiko da lambar injin da awannin da ya yi tun garambawul na ƙarshe, sannan ka ɗora gangar jirgin a sikeli ka faɗa mana abin da ya nuna, mu yi lissafin tare kafin ka ba mai tayin amsa.