Neman shawara kan dashen firanjifani da gane wasu tsirrai biyu a tsakar gida

Maman Hanifa, Kaduna:

Assalamu alaikum. A gidan da muka koma akwai wata bishiya gajeruwa mai kaurin rassa, wadda tun shigowar hunturu ta zubar da ganyenta gaba ɗaya, kuma maƙwabciyata ta ce firanjifani ce, wadda masu sayar da fulawa ke kira Plumeria. Ina so in san ko ta mutu ne, kuma idan tana da rai, yaya zan yi in dasa reshenta a ƙofar gida? Ban da ita akwai wasu tsirrai biyu da ban san sunansu ba. Ɗaya gajere ne, gindinsa a kumbure, yana fitar da fure ja-ja mai haske a ciki duk da ba shi da ganye a yanzu. Ɗayan ya fi mutum tsawo, ganyensa siriri ne mai sheƙi, furensa rawaya ne mai siffar mazurari, yana kuma yin 'ya'ya koraye. Akwai yara ƙanana da awaki a gidan, shi ya sa nake son sanin abin da nake zaune da shi.

Malam Mai Lambu, Kano:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Da wuya a ce bishiyarki ta mutu. Irin da ya fi yawa a gidajenmu shi ne Plumeria rubra, kuma al'adarsa ce ya zubar da ganye da rani ya huta, sannan ya soma fure idan zafi ya shigo, sau da yawa tun kafin sabon ganye ya fito. Asalin bishiyar daga Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, inda ake samun dogon rani, don haka yanayinmu bai baƙunce ta ba. Ki matsa ƙarshen reshe da yatsa: idan da tauri, kuma kika ɗan karce shi kika ga kore da farin nono, tana nan lafiya. Idan ya yi laushi ya yi baƙi, to ruɓewa ce, sai ki yanke har inda naman icen yake fari tas.

Wajen dashe, ki zaɓi reshen da ya ƙosa, wanda bawonsa ya koma ruwan toka, ki yanke tsawon santimita 30 zuwa 45 da wuƙa mai kaifi da tsafta. Abin da yawancin masu farawa suke tsallakewa shi ne shanya reshen. Ba a dasa shi a ranar da aka yanke. Ki cire manyan ganyen idan akwai, ki jingine shi a inuwa mai iska na mako ɗaya zuwa biyu, har bakin yankan ya bushe ya rufe, domin ɗanyen yanka a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ƙofa ce ga ruɓa. Bayan nan ki haɗa yashi mai tsakuwa kashi biyu da ƙasa kashi ɗaya, ki binne gindin kamar santimita 8, ki ɗaure shi da sanda don kada iska ta riƙa girgiza shi, saboda sababbin saiwoyinsa suna da saurin karyewa. Ki ba shi ruwa sau ɗaya, sannan ki ɗauke hannu har sai kin ga ganye biyu ko uku sun buɗe, abin da yakan ɗauki mako shida zuwa takwas.

Na san barin shuka ba ruwa yana da wuya ga wanda ya saba da tumatir da alayyafo, amma reshen firanjifani yana ɗauke da ruwansa a jikinsa, kuma tunda ba shi da saiwa ba shi da ganye, babu inda ruwan da ake zuba masa zai tafi sai ya kwanta ya ruɓar da shi. Yawancin rassan da na ga sun lalace a hannun mutane, yawan ban-ruwa ne ya kashe su. Lokacin da na fi so shi ne Afrilu zuwa Mayu, ƙasa tana da ɗumi, kuma reshen zai kafa saiwa kafin marka.

Malama Asabe, Zariya:

Bayanin Malam a kan dashe ya wadatar, ni kuwa zan taɓa tsirrai biyun nan, tare da cewa ba a yanke hukunci a kan tsiro da siffantawa kawai. Na farkon ya yi kama da kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum, tsiron da ke fitowa da kansa a dazuzzukan Sahel, ake kuma dasa shi a gidaje don ado. Fure ba ganye da rani da kumburarren gindi su ne manyan alamunta. Na biyun ya yi kama da Thevetia peruviana, wadda aka kawo daga nahiyar Amurka, ake yawan shinge da ita a makarantu da tsofaffin gidajen gwamnati. Idan ita ce, 'ya'yan suna da kusurwa, suna komawa baƙi idan sun nuna, kuma a ciki akwai ƙwallo mai tauri.

Dukansu biyu da firanjifani da tumfafiyar da kowa ya sani dangi ɗaya ne, wato Apocynaceae, amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Nonon firanjifani yana sa ƙaiƙayi a fata da zafi a ido. Kariya da Thevetia kuwa suna ɗauke da guba mai taɓa bugun zuciya, har ma a wasu yankunan Afirka an yi amfani da kariya wajen dafin kibiya. Wadda ta fi damuna a gidan yara ita ce mai furen rawaya, domin 'ya'yanta suna zubowa ƙasa, yara suna wasa da su, kuma ƙwayar da ke ciki tana iya kisa idan aka tauna. A ganina, idan ta tabbata ita ce, ki sa a cire ta daga inda yara ke wasa, kada kuma a jefa wa awaki rassan da aka sare. Idan yaro ya ci wani ɓangare nata, a kai shi asibiti nan take tare da reshen, ba sai an jira alama ta bayyana ba.

Don tabbatarwa, ki ɗauki hoton tsiron gaba ɗaya, da ganye ta sama da ta ƙasa, da yadda ganyen ya jeru a jikin reshe, da fure ta gaba da ta gefe, da 'ya'yan. Manhajoji irin su PlantNet da iNaturalist suna taimakawa, musamman idan hoton fure ne, sai dai sun fi ƙwarewa a kan furannin ado na duniya fiye da tsirran dajinmu, don haka amsarsu mafari ce kawai. Ki nuna wa masu sayar da fulawa na bakin titi da kuma dattawan unguwa, waɗanda suka san sunayen Hausa. Idan har yanzu da shakka, Jami'ar Ahmadu Bello tana da ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake tantance su, kuma sun fi son reshe mai ganye da fure tare.

Abu Salma, Maradi:

Ina ƙara jan hankali a kan tinya, domin sandarta mai kauri ce, tana da farin nono, tana kuma zubar da ganye, ta yadda wanda bai sani ba zai iya ɗaukar ta firanjifani. Bambancin shi ne tinya tana da ƙananan ƙayoyi a jikinta, kuma nononta yana ƙona fata sosai, yana iya lalata ido. Duk mai yanka tsiro mai nono ya sa safar hannu, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa fuska. Game da lokacin dashe, Malam, a nan wajenmu zafin Afrilu yakan busar da reshe ya yamutse kafin ya yi saiwa, don haka mun fi jira sai ruwan farko ya sauka. Ga kuma gara, wadda ke shiga ta busasshen gindi idan an zuba ɗanyen taki.

Maman Hanifa, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, rassan suna da tauri kuma babu ƙaya. Shin zan iya ajiye dashen a tukunya maimakon ƙasa, kuma yaushe zan sa ran fure?

Malam Mai Lambu, Kano:

Maganar ɗan'uwanmu na Maradi gaskiya ce ga inda ƙasa jigawa ce kuma ruwan sama kaɗan ne. Amma Kaduna damina tana shigowa da wuri kuma tana da nauyi, don haka ke Hajiya gara ki yi dashenki kafin ta kankama, ki ajiye shi inda zai sami hantsi ya tsira daga ranar tsaka har ya yi ganye. Tukunya tana yi, muddin an huda gindinta da kyau, kuma ta ƙasa ta fi ta roba saboda tana shan iska tana saurin bushewa. Ki fara da ƙarama, ki sauya mata babba idan saiwa ta cika ta, ki kuma ɗora ta a kan bulo don ruwa ya wuce, gara ma ba za ta samu hanya da sauƙi ba.

Idan ya kafu yana buƙatar rana ta aƙalla awa shida kullum, in ba haka ba sai ya yi ta ganye babu fure. Reshen da aka yanko daga bishiyar da ta saba fure yakan yi nasa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma launinsa zai zama irin na uwar, saɓanin shuka ta iri wadda takan kai shekara uku ko fiye kuma launin yana iya sauyawa. Da damina ki ba shi ruɓaɓɓen taki ko NPK kaɗan, ki guji yuriya, domin ganye take ƙarawa. A ƙarshen damina za ki iya ganin gari mai ruwan lemo a bayan ganye, wannan tsatsa ce da wani naman gwari ke kawowa, ba ta cika kashe bishiyar ba. Ki tsinke ganyen da suka kamu, ki share waɗanda suka zube ki fitar da su daga gidan, kuma idan hunturu ya dawo ganye ya zube, ki rage ruwa sosai har sai kan reshe ya soma sheƙi da sabon toho.