An mayar da Corolla kafireto, baƙin mai na tsattsafowa: ina tiyoyin saman inji za su shiga?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum masu sana'a. Corolla ce mai inji 4A-FE, an cire mata injekta an ɗora manifol da kafireto da dilko na 4A-F. Tana tashi tana tafiya, amma silo ba ya zama wuri ɗaya, baƙin mai na tsattsafowa ta fakin murfin sama da bayan fuli, kuma birki yakan yi tauri in an taka shi sau biyu a jere. Murfin saman yana da baki biyu: ɗaya an toshe shi da noti, ɗayan mai bawul ɗin PCV (mai fitar da hayaƙin cikin inji) an haɗa shi da tiyon birki. Don Allah yaya ya kamata a jera su?

Bakaniken Inji:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Notin nan shi ke zubar maka da mai, a cire shi yau. Kowane inji, ko sabo ne, yana da hayaƙin da ke kufcewa ta gefen ringi ya gangara wurin baƙin mai. Bakunan nan biyu aikinsu ɗaya: iska mai tsabta ta shiga ta ɗaya, manifol ya zuƙe hayaƙin ta ɗayan a ƙone shi.

A silo manifol na zuƙa da ƙarfi, shi ya sa ba ka ganin komai. Da ka danne totur a kan titi, zuƙar ta kusa ƙarewa, a daidai lokacin da hayaƙin ya fi yawa. Nan ne bakin da aka toshe yake zama ƙofar fita. In babu shi, matsin sai ya nemi wuri mafi rauni: fakin murfi, oyil sil na gaba da na baya, wani lokacin har sandar awon mai ta ɗago.

Bakin da ba shi da bawul a kai shi gidan iyakilina, ta ɓangaren da iska ta riga ta tace. Kada a bar shi a buɗe yana reto, don da hunturu ƙura zai riƙa sha kai tsaye zuwa cikin mai. Na PCV kuma ya tafi gindin kafireto ko tsakiyar manifol, inda silinda huɗun za su raba. In aka kai shi reshen silinda ɗaya, ita kaɗai za ta riƙa shan ƙarin iska da tururin mai, filoginta ya yi ta daskarewa.

Birki kuwa ba a yi masa kishiya. Tiyonsa mai kauri ne, wajen milimita 10 a ciki, daga manifol zuwa tukunyar birki (mai sauƙaƙa taka feda da zuƙar inji) shi kaɗai, da bawul ɗinsa mai barin iska ta bi hanya ɗaya. Haɗin da aka yi yana rage masa zuƙa, tururin mai kuma na cin robar cikin tukunyar. Gwaji: a kashe inji, a taka birki sau biyar ya yi tauri, a riƙe shi a tayar. Ya kamata feda ya ɗan nutse.

Mai Gyaran Kafireto:
Oga ya gama maganar mai. Silo kuma, a lura bakunan kafireto iri biyu ne. Na ƙasa da faifan totur yana zuƙa kullum, na samansa ba ya zuƙa sai an taɓa totur. A ɗora yatsa a kan kowanne inji na silo, za a gane. Gwangwanin dilko (mai matsar da taimin da zuƙa), in mai baki ɗaya ne, yawanci na sama yake so. In mai baki biyu ne, a bi zanen injin da aka ciro shi, kada a yi ta cinke. Lokacin saita taimin a zare tiyon dilkon a toshe shi tukuna.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙananan tiyo biyu na famfon sitiyari, masu ɗaga silo in an murɗa. In ɗaya na manifol ɗayan a buɗe, duk murɗawa ƙura yake sha. Ko a kai na biyun iyakilina, ko a toshe bakin manifol ɗin da hular roba. Da gejin awon zuƙa a manifol, lafiyayyen inji na nuna 17 zuwa 21 inHg (ma'aunin da ke kan gejin) a silo, allura a tsaye. In ƙasa yake, a fesa ruwan wanke kafireto kaɗan-kaɗan a gindi da mahaɗai, inda ƙara ta canja nan ne ɓular. A nisanci salansa mai zafi.

Mai Corolla:
Na gode ƙwarai. An ce in sa gwangwanin tara mai, ya zama dole?

Bakaniken Inji:
Ba dole ba ne. In za a sa, tsakanin PCV da manifol yake zama, a rufe ruf, a riƙa juye shi duk canjin mai. Fara da bawul ɗin PCV: girgiza shi, in bai yi kacau-kacau ba, to ya cushe, a sauya. Tiyon kuma ya zama mai jure mai, don na ruwan lagireto kumbura yake ya liƙe a ciki, waje kuwa kamar lafiya lau. In bayan duk wannan iyakilina na jiƙewa da mai, kuma hayaƙi na busowa ta bakin zuba mai, to a auna kwamfireshan, ringi ne ya gaji.