Wa ya gina dalar Bajarawiyya?

Ɗan Gadarif: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kada wani ya ce na fara taɓuwa. Akwai masu cewa ba 'yan Adam ne suka gina dalar Masar da tamu ta Bajarawiyya a nan Sudan ba, wasu halittu ne suka sauko daga sama da na'urorinsu, suka yi aikin suka koma. Kuma wallahi hujjarsu ta shige ni. Babbar dalar Giza tsayinta mita 146 ne lokacin da aka gama ta, duwatsunta sun haura miliyan 2, a zamanin da babu injin ɗaga kaya. A wani ɗakin bauta a Abidos an sassaƙa jirgi mai saukar ungulu ƙarara a jikin dutse. Elon Musk ma ya rubuta a 2020 cewa halittun saman ne suka gina dalar Masar.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni tun ina yaron mota nake bin hanyar Khartum zuwa Atbara, in ka wuce Shandi za ka hango su a hannun dama cikin rairayi. Abin da manyanmu suka faɗa mana shi ne aikin aljanun Annabi Sulaiman ne. Wannan na fi yarda da shi a kan naka, don su aljanu ai an san da zamansu.

Malamar Kassala: Ƙanena, bari mu fara da jirgin. Wancan bangon na sarki Seti na ɗaya ne. An sassaƙa kirarinsa, da ɗansa Ramses na biyu ya hau mulki sai aka cike rubutun da farar ƙasa aka sassaƙa nasa a kai. Da shekaru suka ja, shafen ya zube, rubutu biyu suka hau kan juna, shi ne kake gani kamar jirgi. Masu karanta rubutun Masar suna iya ware maka kowanne daban. Shi kuwa Musk, wata ministar Masar a lokacin, Rania al-Mashat, ta gayyace shi ya zo ya ga kaburburan ma'aikatan da idonsa. A 1990 aka gano su a gefen dalar Giza, kuma an tono unguwar ma'aikatan da gidajen gasa burodinsu da ƙasusuwan shanun da suka ci.

Ɗan Gadarif: Yaya, kabari ai ba hujja ba ne. Za a iya cewa masu gadi ne ko masu shara.

Malamar Kassala: To ga takarda. A 2013 an tono wasu rubuce-rubuce a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. Littafin aiki ne na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana rubuta kwana-kwana yadda shi da mutanensa ke lodin farin dutse daga Tura a jirgin ruwa su kai Giza, a ƙarshen mulkin Khufu mai babbar dalar. Shi ma mai shara ne?

Baba Liman na Maiwurno: 'Ya'yana, ni abin da ya shafe ni zan taɓa. Direba, Allah Ya yi maka albarka, amma a yi hattara. Suratu Saba ta lissafa abin da aljanu suke yi wa Annabi Sulaiman, alaihis salam: manyan gine-gine, da mutum-mutumi, da akusa kamar tafkuna, da tukwane kafaffu. Ba ta ce dalar Masar ba, ba ta ce ta Sudan ba. Akwai kuma masu jawo "Fir'auna zil autad" na Suratul Fajri su ce dala ake nufi. Galibin malaman tafsiri na farko turaku suka fassara, ko waɗanda yake ɗaure mutane yana azabtar da su, ko na tantunan rundunarsa. Sannan ku duba Samudawa. Allah Ya ce su ne suke sassaƙa gidaje daga duwatsu, mutane Ya jingina wa aikin. Fir'auna da kansa da ya so dogon gini Hamana ya kira ya ce ya hura masa wuta a kan yumɓu. Kada son labari mai daɗi ya sa mu ɗora wa Alƙur'ani abin da bai faɗa ba.

Kawu Direba: Na ji, Baba. Allah Ya ƙara sani. Amma dai wurin nan ba a rasa mutanen ɓoye, ni ba zan kwana can ba.

Magini a Bur Sudan: Ni sana'ata ce ake magana a kai, ku ba ni fili. Na je Bajarawiyya kafin yaƙi, na shafa duwatsun da hannuna. Ɗan'uwa, ka daina haɗa ta da Giza. Babbar cikinsu ba ta wuce mita 30, da yawa ba su kai rabin haka ba. Dutsen yashi ne mai laushi, daga tsaunukan da ke kusa aka fasa shi, ramukan suna nan. Yawancin tubalan mutum biyu ko uku za su ciccibe su. Kuma duba waɗanda suka rushe: jerin dutse a waje, ciki ɓaraguzai da tsakuwa aka zuba. Wannan dabarar mai neman sauƙin aiki ce. Wanda ya keto sararin samaniya da jirgi zai tsaya yana ciko da tsakuwa?

Malamar Kassala: Maigida magini, ga abin da zai faranta maka rai. Wani Bajamushe masanin gini, Friedrich Hinkel, ya shafe shekaru yana gyaran dalar nan. A 1979 ya ga zanen dala an karce shi a bangon ɗakin bautar ɗaya daga cikinsu, da layukan awo, wato tsarin da mai gini ya fitar kafin a fara. Ya kuma tarar da ragowar gungumen itace a tsaye a tsakiyar wasu. Daga nan ya gane da jigo aka ɗaga duwatsun, wanda Larabawa ke kira shaduf.

Magini a Bur Sudan: Jigo! Na ban ruwa a fadama? Kai, yanzu na gane. Shi ya sa suka miƙe tsaye haka. In gungumen yana tsakiya, hannun jigon ba zai kai nesa ba, dole gindin ya zama matsattse, bangon ya tashi a tsaye. In ka faɗaɗa gindi irin na Giza, jigon ba zai iso kusurwa ba. Kayan aikin ne ya yanka wa ginin siffarsa.

Ɗan Gadarif: To na bar muku Bajarawiyya, ƙanana ne. Amma wa ya koya musu? Me ya sa Masar dala, Sudan dala, Meziko dala? Ba waya, ba jirgi, kowa siffa ɗaya?

Magini a Bur Sudan: Juye tifar yashi a ƙasa ka ga siffar da zai ɗauka. Duk mai son gini ya yi tsawo ba tare da siminti da rodi ba, faɗi a ƙasa tsini a sama zai yi.

Malamar Kassala: Na Sudan kuwa ba a ɓoye inda suka gani ba. Sarakunan Kush, tsohuwar daular Sudan, sun mulki Masar ɗin kanta, su Piye da Taharƙa, wanda ya rasu a 664 kafin haihuwar Annabi Isa, dalarsa tana Nuri kusa da Karima. Na Bajarawiyya daga baya ne, wajen 300 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 350 bayanta. Tsakaninsu da Giza ya haura shekara 2,000. Baƙin naka sun dawo ne bayan wannan tsawon lokaci don su gina ƙanana? Kuma abin da ke ci mini rai, wannan maganar tsohuwa ce aka sake mata riga. George Reisner, Ba'amurken da ya haƙa Nuri da Kurru da Marawi ta dā, wato Bajarawiyya, tsakanin 1916 da 1923, cewa ya yi asalin sarakunan Kush daga Libiya suke, don zuciyarsa ba ta ba shi baƙar fata za su yi wannan ba. Tsoffin gine-ginen dutse na Zimbabuwe ma an ce aikin Finikiyawa ne ko Bilkisu. Da waɗannan suka faɗi, sai wani marubuci ɗan Suwizalan, Erich von Däniken, ya fito a 1968 da 'yan sama. Kullum dai a nemo wani, ban da mai ƙasa.

Hajiya 'yar Umdurman: Malama, kin faɗi gaskiya. Baƙon da muka tabbatar ya zo wurin nan rusawa ya yi. Ferlini, likitan soja ɗan Italiya, a 1834 ya warware dalar sarauniya Amanishakheto tun daga sama don neman zinariya, kayan adonta yanzu suna Munik da Balin. Yau kuma ga gidan tarihi na Khartum an wawashe a yaƙin nan. Aikin kakanninmu ne ke ta salwanta muna nan muna zancen jirgin sama.

Kawu Direba: Hajiya, kakannin wa? Mu da namu suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903 tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wasu kuma hanyar hajji ta ajiye su?

Hajiya 'yar Umdurman: A nan aka binne cibiyata, Direba, a nan aka binne ta uwata. Wanda ya ce tarihin Sudan ba nawa ba ne, gobe zai ce gonar ma ba tawa ba ce. Kada ka ba su baki.

Baba Liman na Maiwurno: A bar wannan, ba wurinsa ba ne.

Ɗan Gadarif: Ni har yanzu da saura. Merer farin dutse ya ɗauko. Manyan duwatsun da ke saman ɗakin sarki a Giza fa, masu nauyin gomman tan kowanne, daga Aswan, kusan kilomita 800? Jigon magini ba zai ɗaga wannan ba.

Magini a Bur Sudan: Ba zai ɗaga ba, ban ce zai ɗaga ba. Wannan aikin kogin Nilu ne da gangare da igiya da taron jama'a. Yadda aka tsara gangaren masana ma suna jayayya a kai har yau. Amma ka je Aswan, akwai dogon dutse kwance a ma'aikatar fasa dutse, nauyinsa ya haura tan 1,000, an sassaƙa shi ya kusa rabuwa da ƙasa sai ya tsage aka bar shi. Sawun duwatsun da aka yi ta dukansa da su yana jikinsa. 'Yan saman naka ne aiki ya ɓace musu?

Ɗan Gadarif: Wata ƙila wannan mutane ne suka gwada kwaikwayonsu suka kasa.

Malamar Kassala: La'ilaha illallahu. Magini, ka ci gaba da shi, ni ina da aji ƙarfe takwas.