'Yata ta dawo daga gasar tanis a rame, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. 'Yata mai shekara 14 ta fara buga gasannin matasa na ITF (hukumar tanis ta duniya) a bana. Sati biyar ta yi daga wannan ƙasa zuwa waccan. Da ta dawo, wandon wasanta ya yi mata yawa a ƙugu, cinyoyinta sun zube, kuma in ta ɗaga hannun dama za ta buga ƙwallon farko sai ta yamutsa fuska. Kullum fa tana fili! Yaya mai wasa kullum za ta rasa ƙarfi? Abin ya tsaya mini a rai.

Mai horarwa: Wa alaikumus salam, Maman yarinya. Wasa daban, atisayen ƙarfi daban. A gasa gudu take yi, shi ya sa numfashinta bai ragu ba, amma tsokar da aka bari sati uku zuwa huɗu ba a ɗora mata nauyi ba takan fara ja baya. Ga hannu ɗaya yana dukan ƙwallo ɗaruruwa a wuni, dole kafaɗa ta yi ciwo. Ki sa mata robar atisaye a jaka, minti 20 a ɗakin otal sau biyu a sati ya isa ta riƙe abin da ta tara. Ni ba na barin nawa su wuce sati uku a hanya sai sun dawo mun gina jiki.

Wani uba: Ki duba barcinta. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma kowace awa ɗaya ta bambancin lokaci tsakanin ƙasashe takan ci kusan kwana ɗaya kafin jiki ya saba. Nawa har abinci yake ƙi kafin wasa saboda fargaba.

Wata uwa: 'Yar'uwa, ba banza WTA, hukumar tanis ta ƙwararrun mata, ta taƙaita yawan gasar 'yan mata ƙanana a 1995 ba, bayan mawuyacin halin da 'yar wasan Amurka Jennifer Capriati ta shiga, wadda ta fara wasan ƙwararru tana shekara 13. Amma tambayata ɗaya ce: al'adarta tana zuwa? In jiki ba ya samun abin da yake ƙonawa, takan ɗauke, ƙashi kuma ya yi rauni. In ta kai wata uku ba ta zo ba, sai likita.

Mai tambaya: Na gode muku ƙwarai. Yanzu na zaunar da ita na tambaye ta, ta ce wata biyu ke nan ba ta gani ba, kunya ta hana ta faɗa. Ba zan jira na ukun ba, gobe za mu ga likita, gasar wata mai zuwa kuma na janye sunanta.