Tukunya ɗaya muke ci, amma shi tuwo ke riƙe shi, ni kuwa sai wake da ƙwai

Maman 'Yan Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman a fahimtar da ni wani abu da na daɗe ina lura da shi a gidana, musamman a ranakun da muke azumin Litinin da Alhamis. Ni da maigidana muna yin sahur da abinci iri ɗaya, tuwon masara ko na shinkafa da miyar kuka, kowa malmala biyu. Shi zai fita kasuwa ya wuni a tsaye, yunwa ba za ta taɓa shi ba sai bayan la'asar, ni kuwa kafin ƙarfe goma na safe cikina ya fara ƙugi, hannuna yana ɗan rawa, kaina ya yi nauyi. Amma ranar da na dafa ƙwai biyu na haɗa da alala ko faten wake, sai in kai azahar ban tuna da abinci ba. Shi kuma idan na ba shi irin wannan, sai ya ce bai ci komai ba, domin a wurinsa matuƙar babu tuwo ko shinkafa, to lashe-lashe kawai aka yi.

Na sha jin ana cewa abinci mai gina jiki, irin su nama, kifi, ƙwai da wake, ya fi riƙe ciki. Idan haka ne, me ya sa bai riƙe shi ba? Kuma me ya sa tuwon da yake kai shi la'asar ni yake sakina tun da hantsi? Ina tsoron kada wata cuta ce a jikina ban sani ba.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji gaskiya ne idan aka ɗauki mutane a dunƙule, sai dai ƙoshi ba ta hanya ɗaya yake zuwa ba, kuma a nan ne mutane suke rabuwa.

Hanya ta farko ita ce cikar tumbi. Idan abinci ya shiga ya buɗa shi, jijiyoyin da ke bangonsa suna kai labari ƙwaƙwalwa cewa an cika, kuma wannan saƙon da girman abincin da nauyinsa yake aiki, ba ruwansa da ko nama ne ko masara. Malmala biyu ta tuwo ta fi ƙwai biyu cika wuri nesa ba kusa ba, shi ya sa wanda ya saba auna ƙoshinsa da nauyin ciki zai tashi daga kan ƙwai yana jin ba a yi komai ba. Hanya ta biyu ita ce ta sinadaran da tumbi da hanji suke zubawa cikin jini. Akwai wanda tumbi ke fitarwa idan ya zama wayam, sunansa girelin, masana a Japan suka gano shi a 1999, shi ne mai tada yunwa. Akwai kuma waɗanda hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, irin su GLP-1 da PYY, masu rage saurin fitar abinci daga tumbi da kwantar da sha'awar ci. Furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, kifi, ƙwai da wake, ya fi sitaci, irin na tuwo da shinkafa, ƙarfi wajen tada waɗannan na biyun, ga shi kuma jiki yana ƙona kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kuzarin da ke cikinsa wajen sarrafa shi kawai, alhali na sitaci bai wuce kashi 5 zuwa 10 ba.

Hanya ta uku, wadda nake ganin ita ce ta shafe ki, ita ce hawa da saukar sukarin jini. Tuwon shinkafa da na masarar da aka surfe tas suna rikiɗa su zama sukari da sauri, jiki ya saki insulin domin ya kwashe shi. A wurin wasu sukarin yakan sauko a hankali ya tsaya inda ya taso, a wurin wasu kuma yakan zarce ƙasa da inda yake kafin a ci abincin, bayan awa biyu zuwa uku. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a kan mutum fiye da 1,000 a Ingila da Amurka, ya nuna cewa waɗanda sukarinsu ke yin irin wannan faɗuwar sun fi jin yunwa, suna komawa ga abinci kusan rabin awa kafin sauran, kuma suna ƙara cin kimanin kalori 300 a yini (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci). Tun kafin nan, a 2015, masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun maƙala wa mutum 800 na'urar auna sukari har tsawon mako guda, suka ga cewa burodi iri ɗaya, awo ɗaya, yana ɗaga sukarin wani sosai, na wani kuwa da ƙyar yake motsawa. Nauyin jiki, yawan motsi, abin da aka ci kafin nan, da irin ƙananan halittun da ido ba ya gani da ke zaune a hanjin mutum, duk suna da hannu a ciki. Maigidanki da yake wuni a tsaye yana ɗaga kaya, tsokarsa tana karɓar sukari cikin sauƙi ba tare da jiki ya zubo insulin mai yawa ba, kuma ina ganin wannan ba ƙaramin bambanci ba ne tsakaninku.

Kada kuma a ɗauka duk sitaci ne ba ya riƙe ciki. A 1995 Susanna Holt da abokan aikinta a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada yadda abinci iri 38 suke ƙosar da mutum, kowanne kalori 240, suka sa farin burodi a matsayin ma'auni mai maki 100. Kifi ya samu 225, ƙwai 150, amma dafaffen dankalin Turawa ne ya zo na ɗaya da 323, ya wuce nama da kifi gaba ɗaya, saboda yawan ruwansa da girmansa a faranti.

Baba Manomi daga Maraɗi ya amsa:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Ni abin da zan ƙara daga gona na samo shi. 'Yata, kin ambaci masara da shinkafa, amma ban ji kin ambaci gero da dawa ba, kuma a wurinmu su ne abincin mai aiki. Lokacin noman farko, idan na ci ɗumamen tuwon dawa bayan asuba, na ɗauki hauya, rana za ta take tsaka ban waiwayi ƙwarya ba. Ranar da aka ba ni shinkafa kuwa, ko da na cika kwano, kafin in gama kunya goma gwiwata ta fara sanyi. Haka fura: wadda aka dama da kauri da nono mai kyau, gaya ɗaya yana kai mutum nesa, amma koko mai ruwa-ruwa da aka cika wa sukari wucewa kawai yake yi.

Sannan akwai sabo, wanda bai kamata a raina shi ba. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa kwana ba tare da tuwo ba, ko ka cika masa akushi da nama zai ce ina abincin. Ƙanena ya yi shekaru yana aiki a bakin teku inda kifi ne a gabansu kullum, ya dawo gida kifi da ɗan rogo suna isarsa, ni kuwa da na gwada sai na kwana ina juyi. Ina ganin maigidanki irina ne.

Malamin Kimiyya ya sake amsawa:

Baba, abin da ka faɗa an auna shi, kuma a ƙasar maƙwabtanku aka auna. Masu bincike daga Mali da Jami'ar Purdue ta Amurka sun gwada tuwon gero, tuwon dawa da burabuskon gero a kan shinkafa, dankali da taliya a Bamako, suka wallafa sakamakon a 2018, inda suka samu cewa na gero da dawa suna ɗaukar kusan ninki biyu na lokacin da sauran ke ɗauka kafin su bar tumbi. Shi kuma ɗumame yana da nasa sirrin, domin idan sitaci ya dahu ya huce ya kwana, wani ɓangare nasa yakan ƙanƙame ya ƙi narkewa da wuri ko da an sake ɗumama shi.

Akwai wani abu kuma game da furotin da ya kamata Hajiya ta sani. Masana biyu, Stephen Simpson da David Raubenheimer, sun fara nazarinsu ne a kan fara, suka ga cewa fara tana ci gaba da ci har sai ta samu adadin furotin da jikinta ke nema, ko da hakan zai sa ta cusa sitaci fiye da kima. A 2005 suka gabatar da ra'ayin cewa ɗan Adam ma yana da irin wannan halin. Idan muka bi wannan ra'ayin, wanda ya ci tsire ko balangu a kasuwa da daddare ya riga ya biya buƙatar jikinsa, tuwon sahur zai ishe shi, amma wadda ta wuni a gida a kan shinkafa da mai da yaji tana nan da gibi, kuma duk ranar da ta samu wake da ƙwai jikinta zai lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta buƙatar baligi a kan kusan giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 60 yana neman kimanin giram 50. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Ba sai da nama ba: wake, awara, ƙuli-ƙuli, nono, daddawa da ita kanta farar duk suna cike gibin.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

'Yar'uwa, rawar hannun da kika ambata ita ce ta tsaya mini a rai. Sau da yawa ba komai ba ne illa saukar sukari bayan sitaci mai laushi, amma ina roƙonki ki je asibiti a auna miki sukari kafin ki ci komai da safe, a kuma duba yawan jininki, musamman idan kina yawan jin ƙishirwa, kina tashi fitsari da dare, ko akwai mai ciwon suga a danginku. Gwaji ne mai sauƙi, kuma sanin matsayinki ya fi zaman zullumi.

Ina so in san ko kina shayarwa, domin mai shayar da jariri ɗaya ma tana buƙatar ƙarin kusan kalori 500 a yini, balle mai 'yan biyu. Sai kuma barci. A Jami'ar Shikago an taƙaita wa wasu samari barci zuwa awa huɗu na dare biyu, a binciken da ya fito a 2004, sai sinadarin tada yunwa ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari, kuma abin da suka fi kwaɗayi shi ne kayan zaƙi da sitaci. Mace ce take kwanciya a ƙarshe, ita ce kuma take fara tashi ta hura wutar sahur, saboda haka ko da kwano ɗaya kuka ci, ba da jiki ɗaya kuka zauna a gabansa ba. Ga masu karatu kuma, duk wanda likita ya ce yana da ciwon ƙoda kada ya ƙara nama da wake da yawa sai ya tuntuɓe shi.

Maman 'Yan Biyu ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti, na yaye su tun bara, amma maganar barci ta same ni, domin da wuya in kwanta kafin sha biyu, kuma ƙarfe huɗu nake tashi. Malam kuma kamar yana gidanmu, don kusan kullum maigidan sai ya tsaya wurin mai nama kafin ya shigo. Mahaifiyata tana da ciwon suga, saboda haka ranar Laraba in sha Allahu zan je a auna ni. Baba, akwai dawa rabin buhu a ɗaki da aka kawo mana daga ƙauye, zan kai niƙa ba tare da an surfe ta sosai ba. Alhamis mai zuwa zan yi sahur da malmala ɗaya ta ɗumamenta da ƙwai ɗaya da ɗan wake, shi kuma in bar masa biyunsa, zan rubuta lokacin da yunwa ta fara taɓa kowannenmu in kawo muku.